Naɗe Ginshiƙan Kankare da Ƙyallen Zare: Tsokaci a Kan Dacewarsa da Gine-ginen Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin tsokaci a kan wata dabara ta ƙarfafa ginshiƙan kankare, wato abin da magina ke kira fila, ta hanyar naɗe su da ƙyallen zare mai ƙarfi wanda ake jiƙawa da danƙo. Tun bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, benayen kankare ke ta ƙaruwa a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, musamman makarantu da masallatai da rumfunan kasuwa. Wasu daga cikinsu sun fara tsufa, wasu kuwa ana son a ɗora musu hawa. Haka kuma rushewar bene mai hawa 21 a Ikoyi ta Legas a ranar 1 ga Nuwamba, 2021, da na benen Titin Beirut a Kano a watan Agusta na 2022, da na makarantar Saints Academy a Jos a watan Yuli na 2024, duk sun sa mutane sun fara tambayar yadda za a ceto ginin da ya riga ya tsaya ba tare da an rushe shi ba.

Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, dabarar naɗi sahihiya ce, amma an ƙera ta ne domin wani irin ginshiƙi da wata irin cuta, kuma yawancin ginshiƙanmu ba su cika sharuɗɗanta ba. Za a auna ta ne da ma'aunin masu ita, wato kundin Cibiyar Kankare ta Amurka mai lamba 440.2R, wanda ya fara fitowa a 2002, aka sabunta shi a 2008 da 2017, kuma shi ne masu nazarin wannan fanni suka fi dogara da shi.

2.0 Asalin Dabarar da Yadda Take Aiki

Idan aka danne kankare daga sama, yakan buɗe ta gefe kafin ya tsage. In aka hana shi wannan buɗewa, sai ya ɗauki nauyin da ya fi na da. Duk wanda ya taɓa hawa kan buhun gero ya ga misalin haka. Geron da ke zube a ƙasa watsewa yake yi in an taka shi, amma na cikin buhu yakan ɗauki ƙato, domin buhun ya hana ƙwayoyin gudu. Aikin zobban ƙarfe da ake ɗaurawa a kewayen rodi ke nan a cikin ginshiƙi, kuma aikin ƙyallen naɗi ke nan daga waje.

Tun a 1928 Richart da Brandtzaeg da Brown na Jami'ar Illinois suka nuna cewa ƙarfin kankare yana ƙaruwa da kimanin ninki 4.1 na matsin da aka yi masa ta gefe. A farkon shekarun 1980 Fardis da Khalili suka gwada zuba kankare cikin kwanson zaren gilashi, a tsakiyar shekarun kuma kamfanonin Japan suka fara naɗe ginshiƙai da dogayen bututun hayaƙi da zaren kabon. A 1991 aka gyara gadar Ibach ta ƙasar Suwizalan da fallayen kabon a ƙarƙashin jagorancin Urs Meier, ko da yake wannan liƙi ne a jikin gada. Abin da ya yaɗa naɗin ginshiƙi a duniya shi ne girgizar ƙasa: ta Loma Prieta a 1989, da ta Northridge a 1994, duk a Kalifoniya, sannan ta Kobe a Japan a ranar 17 ga Janairu, 1995, wadda ta kashe mutum fiye da 6,000, ta kuma kifar da wani sashe na babbar gadar sama ta Hanshin. A 2003 Lam da Teng na Hong Kong suka fitar da lissafin da ya mai da ninkin nan 3.3, shi ne kundin Amurka ya ɗauka a 2008.

Yadda ake aikin kuwa, ana kankare fuskar ginshiƙi a goge ta, a cike ramuka, a dadashe kusurwoyi, a shafa danƙon ifoksi, sannan a naɗa ƙyallen ta yadda zarensa zai kewaye ginshiƙin kamar ɗamara, bakinsa ya hau kan ɗaya bakin. Zaren yakan kasance na kabon ko na gilashi ko na aramid. Kaurin ƙyallen kabon da aka fi amfani da shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, amma ƙarfinsa wajen ja ya ninka na rodi sau bakwai ko fiye.

Ya kamata a faɗa cewa haɗa zare da abu mai danƙo ba baƙon abu ba ne ga maginan Hausa. Laso, wanda ake shafe soro da rijiyar marina da shi, haɗi ne na katsi da gashin jima da dafara, wato gari da zare da danƙo. Haka kuma azarar da ke cikin bakan gizo da ɗaurin guga, irin waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da igiya ake ɗaure ta kafin a lulluɓe ta da ƙasa. Saboda haka sukar da za ta biyo baya ba ƙyamar baƙon abu ba ce.

3.0 Abin Yabo

Adalci ne a fara da alherin dabarar. Ba ta ƙara wa gini nauyin a zo a gani, ba ta cinye fili, ba ta tsatsa, kuma ana iya gama ginshiƙi cikin yini ɗaya ko biyu ba tare da an kwashe mutane na dogon lokaci ba. Babban amfaninta shi ne tana hana ginshiƙi fashewa farat ɗaya. Ginshiƙin da aka naɗe yakan lotsa, ya jure, ya ba da alama kafin ya gaza, wannan ɗan jinkiri kuwa shi ne ke ba mutane damar fita. A inda aka yi ƙwauron zobban ƙarfe, ko aka ba su tazara mai yawa, naɗi yana maye gurbinsu sosai. Wannan aibi na ƙarancin zobba yana da yawa a gine-ginenmu, don haka akwai wuraren da dabarar za ta yi mana rana.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙar

4.1 Siffar Ginshiƙi

Ginshiƙin da naɗi ya fi dacewa da shi shi ne mulmulalle, mai tsaye shi kaɗai, irin na ƙarƙashin gada. Namu kuwa mai kusurwa huɗu ne, inci tara a kowane gefe, wato milimita 225, domin a kan faɗin bulo ake auna shi. Bari mu yi ɗan lissafi bisa ƙa'idar kundin. A ɗauki ƙyallen kabon falle ɗaya mai kaurin milimita 0.165, mai taurin megafaskal 230,000, wanda ke tsinkewa in ya miƙe da kashi 1.5 cikin ɗari. Kundin ya ce a yi aiki da kashi 55 cikin ɗari kawai na wannan miƙewa, domin ƙyalle yakan tsinke da wuri a jikin ginshiƙi. A mulmulallen ginshiƙi mai faɗin milimita 300, matsin zai kai kimanin megafaskal 2, ƙarin ƙarfin kuwa kusan 7. Ke nan kankare mai ƙarfin 20 zai doshi 27. Amma a ginshiƙinmu na inci tara, in an dadashe kusurwa da milimita 13, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da kundin ya yarda da shi, ƙasa da rabin kankaren ne ke samun matsi, domin ƙyallen a kusurwoyi kawai yake kamawa, tsakiyar fuska kuwa sai ya saki. Ƙarin ƙarfin bai wuce 3 ba. Kuɗin ƙyalle kusan ɗaya ne, amfanin bai kai rabi ba. Daɗin daɗawa, kundin bai amince a dogara da wannan lissafi ba idan tsawon gefe ɗaya ya wuce ninki biyu na ɗayan, ko ya haura milimita 900.

Akwai kuma matsalar bango. Ginshiƙanmu a cikin bango suke, sau da yawa ma bulon ake fara jerawa, a bar gurbi, a rufe da katako a zuba kankare. Kafin a naɗe irin wannan sai an fasa bangon da ke manne da shi, alhali a ginin da ginshiƙansa ba su da ƙarfi, bangon nan yana ɗauke da wani kaso na nauyin ko da ba a tsara shi don haka ba. Wanda ya fasa shi ba tare da ya tokare bene ba yana iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago. Naɗin gefe biyu ko uku kuwa ba ya matse komai, tamkar buhu ne mai ɓarkakken gefe.

4.2 Abin da Ke Cikin Naɗin

Masu goyon bayan dabarar sukan ce gwaje-gwaje sun nuna kankare mai rauni ya fi mai ƙarfi cin moriyar naɗi in an auna bisa kaso. Wannan gaskiya ne. Sai dai raunin da ake gwadawa a ɗakin bincike rauni ne na bai ɗaya, na kankaren da aka auna, aka cakuɗa, aka girgiza, aka shayar da shi ruwa har kwana 28. Raunin namu iri-iri ne. Haɗin da aka fi rubutawa a takarda shi ne 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50 da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, amma a wurin aiki da baro ake awo, kuma hannu yakan zarce. Ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa tana da duwatsu, don haka tsakuwa ba ta wuya, sai dai wadda aka fasa da hannu ba ta zuwa da girma ɗaya. Ta wajen Babura kuwa rairayi ya fi yawa, yashi mai laushi kuma yana neman ruwa da yawa, yawan ruwa kuwa shi ne babban abin da ke kashe ƙarfin kankare. Ga iskar hunturu da zafin bazara masu busar da shi kafin ya nuna. Sakamakon haka shi ne ginshiƙi mai kogo kamar saƙar zuma, da rodi a waje, da gaɓa a inda zubi ya tsaya aka ci gaba washegari.

Na taɓa kai ɗalibaina duba wani bene na ajujuwa da ake son ɗora wa hawa. Da muka kankare filasta a gindin ginshiƙi ɗaya, sai tsakuwa ta riƙa zubowa da ɗan bugun guduma, muka kuma ƙirga tazarar zobba ta haura taƙi biyu. Mai kula da aikin ya tambaye ni ko ƙyallen nan da ya ji labari zai wadatar. Na ce masa hannun da ya zuba wannan ginshiƙi shi ya zuba dekin da bim da fandisho, a wata ɗaya, da yashi ɗaya. In an ƙarfafa ginshiƙin aka ƙara hawa, nauyin zai nemi wurin da ya fi rauni ne ya ɓulle ta can. Kundin da kansa ya gindaya cewa dole ginin, ba tare da ƙyallen ba, ya iya ɗaukar nauyin kansa da ƙarin kashi 10 cikin ɗari, da kashi 75 cikin ɗari na nauyin mutane da kaya. Ginin da ya kasa wannan bai cancanci naɗi ba tun farko.

Sannan lissafin da muka yi a sama na nauyin da ya sauka daidai tsakiyar ginshiƙi ne. Idan ginshiƙi ya karkace, ko na sama bai zauna daidai kan na ƙasa ba, sai lanƙwasa ta shigo, a nan kuwa kundin ya taƙaita miƙewar ƙyalle zuwa kashi 0.4 cikin ɗari, wato kimanin rabin wadda muka yi amfani da ita. Dogon siririn ginshiƙi, irin na barandar masallaci, lanƙwashewa yake yi, naɗin ɗamara kuwa ba ya ƙara masa taurin da zai hana hakan.

4.3 Zafi da Gobara

Ƙarfin zare yana tare da danƙon da ke riƙe da shi. Danƙon ifoksi da ake shafawa a wurin aiki yana fara laushi ne a tsakanin digiri 60 zuwa 82 a ma'aunin Salsiyas, kuma kundin ya ba da shawarar kada zafin wurin ya kusanci wannan iyaka da ƙasa da digiri 15. Ke nan danƙo mai iyakar 60 bai kamata ya zauna a zafin da ya wuce 45 ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin iska a wannan yanki yakan kai 40, baƙin ƙyallen da rana ke duka kuwa ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Wanda zai sayo danƙo, lallai ya nemi wannan lamba a takardar kaya, ya kuma lulluɓe aikin da filasta ko farin fenti. Zafi yana kuma gaggauta daskarewar danƙo a cikin bokiti, ƙurar hunturu tana hana shi kamawa. Shi ya sa ma kundin ya rage ƙarfin zaren gilashi na waje zuwa kashi 65 cikin ɗari, na kabon zuwa 85.

Gobara ta fi wannan muni. Wutar kasuwa, irin wadda ta cinye Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, tana haura ɗaruruwan digiri cikin mintuna kaɗan. A irin wannan hali ana ɗaukar ƙyallen da ba a kare shi ba tamkar babu shi. Rumfunan kasuwa na bene da ɗakunan kwanan ɗalibai, waɗanda su ne suka fi bukatar ƙarfafawa, su ne kuma suka fi fuskantar wuta.

4.4 Ruwa da Tsatsa

Cutar da ta haifar da dabarar naɗi ita ce girgizar ƙasa. Mu a nan, in ban da 'yan motsin ƙasa irin na Kwoi a 2016 da na Mpape a 2018, waɗanda duk suna nesa da mu, babban abokin gabar gininmu ruwa ne. Ambaliyar da ta auka wa Jigawa a 2020 da 2022 da 2024 tushen gini take ci. Ginin da ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashinsa, ko ya nutse ta gefe ɗaya, zai tsage a ginshiƙi, amma ciwon yana fandisho. A naɗe irin wannan tsaga daidai yake da a shafa wa mai karaya man zafi. Haka nan damshin da ke hawowa daga ƙasa yana sa rodi tsatsa, tsatsa tana kumbura ta fasa kankare. Kundin ya hana a liƙa ƙyalle a kan ginshiƙin da tsatsa ke ci sai an tsayar da ita an gyara. In aka yi gaggawa aka rufe, an kulle damshi a ciki, an kuma rufe idon mai duba gini, domin tsagar da za ta yi masa gargaɗi ta ɓuya.

4.5 Nazarce-nazarcenmu

Suka ta ƙarshe a kanmu take, mu malamai. Yawancin ayyukan da ake yi a kan wannan batu a kan 'yan mulmulallun kankare ake yin su, masu faɗin milimita 150 da tsawon 300, babu rodi a ciki, babu nauyi a kansu lokacin naɗi. Sai a matse su a inji, a samu ƙarin ƙarfi mai burgewa, a rubuta cewa dabarar ta dace da Nijeriya. Ginshiƙin gaske yana ɗauke da nauyi a lokacin da ake naɗe shi, ƙyallen kuwa ba ya fara aiki sai kankare ya ƙara buɗewa bayan an sa shi. Akwai kuma masu gwada zaren rama da na buhun algarara, wannan niyya ce mai kyau ganin cewa zaren kabon da danƙonsa daga waje ake sayo su, tsadarsu kuma ta ƙaru tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023. Amma zaren tsiro yana shan ruwa, taurinsa bai kusanci na kabon ba, kuma gwajin kwana 28 ba ya gaya mana halin da zai shiga bayan damina goma.

5.0 Shawarwari

Na farko, bincike ya riga magani. Kafin a ambaci naɗi, injiniya mai rajista da hukumar COREN ya auna ƙarfin kankaren da gudumar gwaji, ya ciro ɗan yanki a matse, ya duba rodi da zobba, ya tona fandisho.

Na biyu, a riƙa kwatanta naɗi da tsofaffin hanyoyi. Yi wa ginshiƙi riga ta sabon kankare da sabon rodi tun daga fandisho yana ƙara masa kauri da tauri, yana jure wuta, kuma birkilolin Kazaure da kafintocinta za su iya shi da kayan da ke kasuwa, in an tsaya a kansu. A bar ƙyallen kabon ga wuraren da ya fi dacewa, kamar mulmulallun ginshiƙan gada da na tankin ruwa, da ginin da kankarensa ke da kyau amma zobba suka yi ƙaranci.

Na uku, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura wadda aka kafa a 2021, su ne suka fi cancanta su yi gwajin da muke bukata: ginshiƙin inci tara mai rodi, da yashinmu da tsakuwarmu, wanda maginin gari ya zuba, a naɗe shi a bar shi a rana da ruwan sama na 'yan shekaru kafin a matse.

Na huɗu, mu da ke horar da malaman fasahar gini a kwalejojin ilimi mu koyar da wannan dabara tare da iyakokinta, da Hausar da magini zai fahimta, mu kuma fi ba da ƙarfi ga awo da ɗaurin zobba da shayar da kankare ruwa aƙalla kwana bakwai. Dokar Gine-gine ta Ƙasa tana nan tun 2006, abin da ya rage shi ne ƙananan hukumomi su ga ana bin ta.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi asalin dabarar naɗe ginshiƙi, ta yaba abin da ya cancanci yabo, sannan ta auna ta da ginshiƙan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa ta fuskar siffa da ingancin kankare da zafi da ruwa. An ga cewa ƙyallen yana ƙara wa ginshiƙi mai lafiya ƙarfi da juriya, amma ba ya gyara tushe, ba ya tsayar da tsatsa, ba ya jure wuta, kuma a ginshiƙin inci tara amfaninsa bai kai rabin na mulmulalle ba. Haɗarin da ake jin tsoro shi ne ya zama hujjar ɗora hawa a kan ginin da bai kamata a ɗora masa ba, alhali yara ne za su zauna a ƙarƙashi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Buhun siminti ɗaya da aka ƙara ranar zubi, da ruwan da aka shayar na mako guda, sun fi kowane ƙyalle araha. Ina fata masana da ke wannan taro za su gyara inda na yi kuskure, su kuma faɗaɗa bincike a kan abin da na taɓo.